Kwana Ukun da Baba Ya Yi a Gidana

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Salamarsa ta kasance tare da ku duka.

Sunana Yohanna. Yawancinku kun san shagona a kasuwar Gaya, inda nake sayar da taki da maganin feshi. Abin da zan faɗa yau akwai kunya a cikinsa, amma na yi wa Allah alkawari ba zan rufe shi ba.

Ban taɓa shan giya ba, ban taɓa sa taba a bakina ba. Don haka duk lokacin da aka yi wa'azi a kan jaraba, sai in riƙa waiwayen wasu. Ashe tawa tana cikin aljihuna.

Na sayi babbar waya ne don kasuwanci, in riƙa ganin farashin kaya daga Kano. Shekara ba ta zagayo ba ta zama ita ce ke juya ni. Ina buɗe ido da safe, hannuna na kanta tun kafin in ce na gode Allah. Bidiyon barkwanci, ƙwallo, gardamar siyasa da mutanen da ban taɓa gani ba. Manomi zai tsaya a gaban shago ya yi sallama sau biyu kafin in ɗago. Ko a nan cikin sujada, ku gafarce ni, nakan buɗe ta kamar ina bin karatu, alhali wani abu daban nake kallo.

Matata Saratu ta yi magana har ta gaji. Wata rana ta ce, "Maigida, in cajinta ya ƙare sai ka koma wani mutum daban. Ko yara sun san lokacin da ba a zuwa kusa da kai." Na ce mata neman abinci nake yi. Ƙarya ce, kuma na san ƙarya ce.

Bara, bayan an gama girbin gero, mahaifina ya zo daga ƙauyenmu da ke gaba da Gafasa. Baba ba mai son barin gida ba ne, ya yi shekaru bai tako Gaya ba. Kamata ya yi wannan kaɗai ya sa in tambayi kaina abin da ya kawo shi.

Kwana uku ya yi. Kullum da yamma sai ya shimfiɗa tabarma kusa da ni, ya ce, "Yohanna, akwai maganar da nake so mu yi." Ni kuwa in ce, "To Baba, ina jin ku," idona na kan waya. Sai ya ce, "Bari dai ka gama." Ban taɓa gamawa ba. A rana ta uku na ɗora shi a babur ɗin haya, na ba shi sabulu da sukari, ina ganin na yi abin kirki.

Bayan mako biyu, ranar kasuwa, sai ga Baba Idi a shagona. Maƙwabcinmu ne a ƙauye, Musulmi, abokin Baba tun suna yara. Ya ƙi zama. Ya ce, "Yohanna, yaushe za ka kai shi asibitin?"

Na ce, "Wa?"

Ya ce, "Ashe bai faɗa maka ba. Idon mahaifinka ya kusa rufewa. Ni nake riƙe masa sanda zuwa gona. Abin da ya kawo shi wurinka ke nan."

Na ce ai bai ce mini komai ba.

Ya ce, "Da ya dawo na tambaye shi yadda kuka yi. Ya ce mini, yaron yana da aiki da yawa, kwana uku tsakar kansa kawai nake gani."

'Yan'uwa, sai a lokacin abubuwa suka riƙa dawo mini. Yadda Baba yake lalubar kwanon tuwo. Yadda ya kira 'yata da sunan yayarta. Yadda ya yi tuntuɓe a bakin ƙofa, ni kuwa na ce masa ya riƙa kula. Duk a gabana aka yi.

Na rufe shago da rana tsaka, na hau babur na kama hanyar Ajingi zuwa ƙauyenmu. Ban yi nisa ba wayar ta yi ƙara a aljihuna. Kun san abin da ya faru? Ina cikin wannan baƙin ciki, hannuna ya saki kan babur ya tafi aljihu da kansa. Saura kaɗan in faɗa rami. A nan na gane ba ni ke riƙe da ita ba.

Na tsaya a gindin wata tsamiya, na durƙusa a gefen hanya. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Yesu, na zama bawa, kuma ba zan iya kwance kaina ba. Ka kwance ni. Kada ka bari mahaifina ya makance saboda sakacina." Na yi kuka kamar ƙaramin yaro. Ban ji wata murya ba, ban ga wani haske ba. Amma da na miƙe, wannan ƙaiƙayin da ke ja na zuwa wayar ya kwanta. Na kashe ta, na ci gaba da tafiya.

Na tarar da Baba zaune a inuwar rumbu. Na durƙusa na roƙe shi gafara. Ya lalubo kafaɗata ya ce, "Tashi. Ai ka zo."

Na kai shi wurin likitan ido a Kano, ya ce yanar ido ce ta rufe idanun. Na hagu akwai wata cuta a ƙarƙashi, ya riga ya tafi, kuma ya ce da an zo da wuri ma da wuya a cece shi. Na dama aka yi wa aiki. Ranar da aka cire bandeji, Baba ya ƙura mini ido, ya yi dariya ya ce, "Yohanna, yaushe furfura ta fito maka?" Yabo ga Ubangiji!

Ba zan ce muku na zama mala'ika ba. Babbar wayar tana kwana a shago cikin akwati, ƙarama mai madannai ce nake zuwa gida da ita. Saratu ce ta kawo wannan shawara, kuma na ba ta izini ta tsawata mini. Akwai ranakun da nake jin abin yana taso mini, sai in kira sunan Yesu in nemi aikin yi. Makon jiya ma na zame, na ɓata kusan awa biyu a shago. Na tuba, na sake miƙewa.

Baba yanzu yana zuwa gona da ƙafarsa. Bana shi da kansa ya zaɓi irin gyaɗar da muka shuka.

Na gode wa Allah da ya aiko Baba Idi. Na gode wa matata da ta yi haƙuri da ni. In akwai wani a nan da ya san abin da nake faɗa, kada ka jira sai an zo shago an gaya maka. Ka kai wa Yesu, komai ƙanƙantarsa a idonka, ba zai yi maka dariya ba. Ku ci gaba da sa ni cikin addu'a. Ɗaukaka ta tabbata ga sunansa. Amin.