Lambar da ke Jikin Keken Baba

Yaya: Salamu alaikum. Auta, kana ji na?

Auta: Wa alaikumus salam, Yaya. Ina wuni? Ya yara?

Yaya: Lafiya lau. Ya aiki? Ya maiɗakinka?

Auta: Tana gaishe ku. Ya jikin Baba? Lafiya dai na ga kiranki?

Yaya: Kwantar da hankalinka. Ka san tun da ciwon nan ya shanye masa ɓarin jiki bai ce uffan ba. Likita ma cewa ya yi bai sani ba ko yana gane mu.

Auta: Na sani. Me ya faru?

Yaya: Bari in bi da kai a hankali. Ka tuna yadda yake mana a mota in zai kai mu makaranta? Ya karanto lambar motar gabanmu, ya ce ba mai sauka sai mun faɗi abin da ke raba ta?

Auta: Wa zai manta? Wadda ba ta rabuwa sai da ɗaya da kanta ya kira ta mai taurin kai, ya ce halinmu ɗaya.

Yaya: To, ɗazu ina ba shi magani a bakin taga, sai na ga ya ƙura wa hannun keken asibitin nan da yake zama a kai ido. Ashe lamba ce a jiki: biyar biyu uku, biyar biyu uku.

Auta: Layin na yankewa. Biyar me?

Yaya: Biyar biyu uku, sau biyu a jere.

Auta: Ai irin waɗanda yake so ne. Lamba uku in ta maimaita kanta...

Yaya: Ni ma na tuna. Shi ya sa da gangan na ɗaga murya na ce, Baba, wannan kam mai taurin kai ce, ba abin da ke raba ta. Ka ga hararar da ya watso min? Irin ta lokacin da yake koyarwa a aji, wadda ke sa mutum ya manta sunansa. Bakinsa ya yi ta rawa, ya yi ta rawa, can ya ce, "Bakwai."

Auta: Baba ne ya faɗa? Da bakinsa?

Yaya: Da bakinsa. Ya huta, ya ce sha ɗaya. Daga nan ya yi shiru. Na zaci ƙarfinsa ne ya ƙare, sai na ga yana nuna hotonka na bango da haɓa.

Auta: Allahu akbar. Kullum ni yake bar wa ta ƙarshe.

Yaya: Kuka kake, ƙaton banza? Share hancinka, ga shi nan na kara masa wayar a kunne.

Auta: Baba, barka da yamma. Auta ne. Sha uku, Baba. Bakwai, sha ɗaya, sha uku.

Baba: Sau... saura.

Auta: Saura? Yaya, me ya rage kuma?

Yaya: Kada ka sa ni a ciki, ni na yi nawa. Ga hararar ta dawo, yanzu wayar yake yi wa.

Auta: Tsaya... ita kanta ɗari biyar da ashirin da ukun. Baba, in an raba da waɗancan ita ke saura. Kuma mai taurin kai ce.

Baba: Kamar... ka.

Yaya: Ka ji? Dariya yake, ɓarin bakin nan har ya motsa. Auta, katina ya kusa ƙarewa. In za ka zo, ka taho da wata babbar lamba, wadda za ta ba shi wuya, don likita ya ce...