Daɓen Cocin da Na Ƙi Takawa

Rumfar atamfata ta kasuwar Asiyeye na sayar na yi kuɗin jirgi. Ke Rakiya, ajiye wayar nan, Goggonki ke magana. Duk unguwarmu ta Zongo an ɗauka Landan na tafi, ni ma haka na ɗauka. Ashe wani ƙauye ne, tumakinsa sun fi mutanensa yawa. Abin taƙamarsu wata fadar dutse da suke kira kasil, ba rufi, ba ƙofa. Na tambayi yaushe za a gama ginin, aka ce ai rushewar ake zuwa kallo.

Aikin shara na samu a tsohon cocinsu, tare da ɗakin kwana. Shugabata wata tsohuwa ce, Madam Doris, mai duba ƙura da ɗan yatsa. Ranar farko na ga rubutu a duwatsun daɓen.

"Madam, wannan fa?"

"Sunan wanda ke ƙasa."

"Ƙasa ina?"

"Ƙarƙashin silifas ɗinki."

Inna lillahi! Kaburbura ne, tun daga ƙofa har gaba. Mu da ko a maƙabarta ba a tsallaka kabari. Sai na koma bin gefen bango, ina dira daga wannan fili zuwa wancan, ina miƙa tsumma daga nesa, ina yi musu sallama. Tsakiyar kowane dutse kuwa ta yi baƙi.

Madam ta shafa da yatsa. "Habiba, gobe baƙi za su zo kallo. In ba ki goge ba, ki bar mabuɗin ɗakin."

A sanyin nan, ina zan je? Da safe na ɗaura tsumma a doguwar sanda, na hau benci, na miƙe iya tsawona. Bencin ya zame. Ni da ko yatsan ƙafata bai taɓa mutumin da ke ƙarƙashin dutsen nan ba, ga ni kwance rigingine a kansa, bokiti a ƙirjina, baƙi suna ɗaukar hoto.

Madam ta leƙo. "Kakan mijina ne. Kar ki damu, yana son mata."

Tunda na riga na jiƙa shi, sai na durƙusa na goge shi tas, ina ba shi haƙuri. Ɗakin dai bai kuɓuce mini ba.

Ɗingishin nan da kuke kwaikwayo a bayana, shi ne tsarabata. Kuma in kun ga na tsaya ina karanta ƙasa kafin in shiga gidan mutane, ku bar ni.