Lambar Auren Mijin Lorraine

A ɗakin jiran masu ba da jini a birnin Saskatoon na ƙasar Kanada, wani magidanci ya naɗe hannun riga. Tsohuwar da ke gefensa ta ƙura wa zanen damtsensa ido: 524289.

"Ɗana, lambar mece ce wannan?"

"Ta aurenmu ce, Mama. Babu lambar da ke raba ta daidai, sai ɗaya da ita kanta. Ni na zaɓo, aka zana mana a fata, ni da matata Lorraine."

"Biyar, biyu, huɗu, biyu, takwas, tara, in ka haɗa talatin ne. Tunda uku ta raba talatin, ta raba lambarka."

"Haba Mama!"

"Duba a wayarka."

Ya latsa, ya ga uku ta raba ta daidai.

"Kai, ni da bakina! Shi ya sa 'ya'yana suka daina kawo mini ziyara. Kada ka gaya wa matarka, ba za ta taɓa ganewa ba."

Ya sauke hannun rigar a hankali.

"Mama, lissafi take koyarwa a jami'a. Shekara goma sha shida ina nuna wa abokan aikinta damtsen nan, tana tsaye tana murmushi."