Inci Goma Sha Tara a Tagar Dona Odete

Mai girma shugabar kwamitin tsara gari, Madam Lorraine Tabuchi. 'Yan majalisar garinmu na Punta Garza. Masunta da kuka ɗaure jiragenku kuka zo. Maƙwabtan wannan tudu, na sama da na ƙasa. Iyayena da 'yan uwana, barkanku da yamma.

Sunana Marisol Quintanar. Watana bakwai da gama jami'a, wata biyar da kwana tara da kama aiki a ofishin tsara gari. Ina godiya ga Madam Tabuchi da ta ce ni zan yi magana, duk da sau biyu ina roƙonta ta sa wani. Ina godiya ga matan coci da suka cika mana tebur da miyar kaguwa.

Na farko, yadda abin ya faru. Mista Royce Lindqvist ya nemi izinin gina bene a filin nan, domin 'yarsa Annika ta dawo gida da tagwayenta. Kamar yadda muka saba, aka kafa sanduna, aka ɗaura jar raga daidai tsayin rufin da za a yi, ƙafa ashirin da huɗu, aka ba maƙwabta kwana talatin su duba. Ƙorafi ɗaya ya shigo, daga Dona Odete Silveira, mai gidan da ke bayan filin. Aka tura ni. Na tsaya a tagar kicin ɗinta, na auna, na ɗauki hoto goma sha biyu, na rubuta cewa mashigar jirage tana fitowa sarai a saman ragar, don haka a ba da izini.

Na biyu, kuskurena. Takardar ofis ta ce a auna daga idon mutum a tsaye, kuma haka na yi. Ban tambaya ba, ban lura ba, ban kuma yi tunani ba, cewa shekara uku ke nan Dona Odete ba ta tsayu a tagar nan ba, tun da ta karye a ƙugu. A zaune take jiran jirgin ɗanta Tiago kullum, kuma ba ta sa komai a bakinta sai ta ga ya shigo, domin ta wannan mashigar mijinta ya fita bai dawo ba.

Ta sa aka kira ni. Ta ce, "Ke 'yar boko, ajiye awon nan ki zauna a kujerata. Me kika gani?"

Na ce, "Raga, Dona."

Ta ce, "Kwana ashirin da shida ni ma raga nake gani. Kifi kuka mai da ni?"

Tsakanin idona a tsaye da idonta a zaune, inci goma sha tara ne. Na koma ofis na janye rahotona, ina jiran takardar sallama.

Washegari Mista Lindqvist ya shigo kicin ɗin a fusace, ina nan. Ya ce, "Odete, kin tsorata yarinya ta canza takarda!"

Ta ce, "Royce, tun kana satar lemun bishiyata na san ka. Zauna."

Ya zauna kusa da ita a bakin tagar. Ƙarfe huɗu da minti goma muka ji ƙarar inji daga ƙasa. Ta ce, "Nasa ne?" Ya leƙa ta dama, ya leƙa ta hagu, sai da ya miƙe tsaye kafin ya ce, "Nasa ne, ya shigo." Can ya juyo gare ni ya ce, "'Yata, nawa zan rage?"

Na ce, "Ƙafa biyu da inci huɗu, a gefen arewa kaɗai." Sau uku na lissafa. Hakan na nufin ɗaki guda ya tafi.

Ya ce, "Tagwayen sai su kwana ɗaki ɗaya, dama ba sa rabuwa."

Ta ce, "Su zo lambuna su yi wasa. Amma lemu, a tambaya."

Na uku, ba a sallame ni ba. Kwamiti ya ƙara layi ɗaya a takardar awo: a ina mai gidan yake zama? Yau za a sauke ragar, Dona Odete za ta yanke igiya, Mista Lindqvist zai tura ta a keken guragunta, ranar Litinin a fara haƙa tushe.

Allah Ya sa albarka a gidan da za a gina da gidan da ke bayansa. Allah Ya raya tagwayen nan, Ya dawo mana da kowane jirgi da mutanensa cif, Ya mai da kowa gida lafiya. Akwai sauran shafi biyu a hannuna, amma yanzu huɗu saura minti ashirin, kuma akwai wadda dole ta koma tagarta.

Na gode.