Awon 'Yan Dako a Mangazar Albasa

Jika sittin na sefa na bar Maradi da su, kuɗin jar saniyar Inna, kuma har mota ta tashi tana tambayata ko da gaske sai an je wata ƙasa ake koyon gudu. Ku ajiye ƙwallon nan ku matso inuwa. Kai Nasiru, kai ne kake ta damuna da zancen zuwa waje karatun wasanni ko? To zauna nan gabana, ka daina sosa ƙeya.

Lokacin ina shekarar ƙarshe a Yamai, ina karatun motsa jiki. Ba tsalle-tsalle ba ne kawai yadda iyayenku ke zato. Ƙashi, jijiya, numfashi, bugun zuciya, duk sai ka haddace su da Faransanci. Aka tura mu Abijan wata shida, kowa ya yi bincike ya rubuta littafi, memuwar suke ce masa. In malaminka bai sa wa memuwar hannu ba, babu diflom. Shekara huɗu da saniyar Inna sun tafi a banza ke nan.

Na sauka tashar Ajame a Abijan da kwat ɗina na aro. Wallahi ban yi taku goma ba wani yaron mota ya ce mini, “Aboki, matsa!” Wani ya ce, “Garba!” A can duk Bahaushe sunansa Aboki ko Garba, ko kai limami ne. Ka tsaya a kasuwar Rokisi ka ga gari! Motocin da suke kira gbaka, ƙofa ɗaure da igiya, yaro rataye a jiki yana ihu, amma mutanen ciki kallon ƙauyanci suke yi maka.

Kawuna Alhaji Idi, ƙanin Inna, dillalin albasa ne kusa da kasuwar Guro, gidansa kuma a unguwar Tireshbil, bayan babban masallaci. Ya dube ni sama da ƙasa.

“Me ka ce kana karantawa?”

“Ilimin motsa jiki, Kawu.”

“To waɗannan da ke sauke mini buhu tun asuba, me suke motsawa?”

“Wannan daban ne, Kawu.”

“Shekara nawa ake yi?”

“Huɗu.”

“Shekara huɗu, a ƙarshe a miƙa maka usur. Allah ya kyauta.”

Ya ba ni ɗakin da ake jibge albasar da ta fara tsiro. Wata shida ko turaren wa na shafa, miya nake wari.

Sai malamina, Mushe Karim, wato Malam Karim da Faransanci. Kai, wannan mutum! Kakansa Badamagare ne da fataucin goro ya kawo, shi kuma a Tireshbil aka haife shi. Hausarsa ba ta wuce ta sayen tsire ba, namiji ya ce masa ke, mace ya ce mata kai. Kullum cikin kayan gudu masu sheƙi, agogon auna gudu rataye a wuya, tumbi a gaba. Sau ɗaya na taɓa ganin ya yi gudu, ranar da ruwa ya sauko ya tuna bai rufe gilashin motarsa ba. A satin farko na yi kuskuren cewa a garinmu 'yan kokawa ba sa shan ruwan sanyi kafin karo. Ya juya ga 'yan aji ya ce, “Ku saurari burusar.” Wato ɗan daji. Suka kwashe da dariya, har da 'yan mata. Daga ranar na ɗinke bakina.

Shi ya zaɓa mini aiki. Ya ce in auna 'yan dakon albasa, mutum talatin, a ga yadda zuciyarsu ke ɗaukar nauyi. “Mutanenka ne, kana jin yarensu,” in ji shi, kamar shi daga sama ya faɗo. Ga tsarin da ya rubuta: mutum ya kwanta miƙe a kan benci, hannuwa a gefe, ido rufe, ba magana, minti goma, in ƙirga bugun zuciya. In auna tsawonsa yana kwance, daga kai zuwa diddige, da wata doguwar sandar awo ta katako, don mangazar Kawu, wato ɗakin ajiyar albasarsa, ba ta da bango ko ɗaya da ba buhu a jiki. Sannan ya tashi ya ɗauki buhu taku ashirin, in sake ƙirgawa. Kuma saboda tsabta, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan bencin. Shi da kansa ya sayo, sabo fil, yadi biyar.

Na ga kuna kallon juna. Kun gane ke nan. Ku da ba ku gama lise ba, 'yan sakandare, kun gane, amma mai digirin Faransa bai gane ba. Ni kuwa na fi kowa ganewa, don ranar da babana ya rasu ni aka ba karan da aka auna shi da shi, na kai wa masu haƙar kabari. Ina ganin ƙyallen nan da sandar nan na ga likkafani da kara. Amma in buɗe baki a sake ce mini burusar? Na naɗe kayana na ce, “Wi, Mushe.”

Da hantsi, an gama sauke mota, 'yan dako na zaune suna shan kafe da burodi. Na jawo benci, na shimfiɗa ƙyalle, na jingina sanda. Wani ƙato mai suna Illa, shi ne bakinsu, ya ajiye kofinsa.

“Inna lillahi. Wa ya rasu?”

“Ba kowa.”

“To wa ake jira ya rasu?”

Na yi bayani. Mushe Karim na tsaye gefe ya toshe hanci da hankici, yana cewa in gaya musu siyans ce, ilimi ne. Illa ya ce, “Gaya masa ya fara kwanciya mu ga siyans ɗin.” Ban fassara ba. Suka miƙe ɗaya bayan ɗaya suka bar mu da benci.

Sati uku ban auna ko kyanwa ba. Na zo da sardin, suka ci sardin suka ƙi benci. In na ratso kasuwa sai ka ji, “A ba shi hanya, ga mai kara nan!” Kawu ya ce in kwashe likkafanina daga mangazarsa kafin in kore masa ma'aikata. Mushe Karim kuwa ya ce laifina ne, ban iya magana da jahilai ba, kuma in wata ya ƙare babu lambobi, in nemi motar gida.

Akwai wani dattijo cikinsu, Baba Ɗan Tani, ya fi su duka shekaru, gemu ya yi fari, wuya kamar turmi. Fiye da rani ashirin yana zuwa Abijan dako, da shi yake ciyar da gida. Wata rana ya same ni zaune kan bencin na zuba tagumi.

“Kai ɗan Hajara ne ko? Ta gidan Maigari?”

“Ni ne, Baba.”

“Na ci tuwon kakarka ba sau ɗaya ba. In ba a kwanta ba me zai same ka?”

“Ba za a ba ni takarda ba.”

“Duk shekarun nan?”

“Duka, Baba.”

Ya tuɓe hularsa, ya kakkaɓe ƙafa, ya hau farin ƙyallen nan ya miƙe. Ya ce, “Illa, in ban tashi ba, takalmana naka ne.” Ya rufe ido. Na ɗora sanda na auna shi. Bayan minti goma ya tashi, ya sungumi buhun da ku uku ba za ku ɗaga ba, ya yi takunsa ashirin, ya dire, ya ce, “To, ga ni. Saura wa?”

Illa ya ce za su yi, amma a ɗauke ƙyallen a shimfiɗa buhu, kuma a auna su a tsaye jikin ƙofa. Shi ke nan fa! Abin da ya kamata in yi tun ranar farko, da ina da kai. Cikin kwana goma na auna mutum talatin da ɗaya.

Sai dai tun Baba na kwance na ji wani abu a wuyan hannunsa. Bugu uku, huɗu, sai shiru, sai ya dawo da sauri. Na sake gwadawa washegari, haka. Na je ofis na gaya wa Mushe Karim, mu biyu, don ya san likitoci, ko zai sa a duba shi. Ya ce, “Enteresan,” wai abin sha'awa ne. Ya rubuta a takarda.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Kawu na zaune ƙofar gida da manyan 'yan kasuwa ana cin shinkafa. Sai ga Mushe Karim cikin babbar riga, rigar na neman kayar da shi. Ya ga alhazai, ya ga dama ta samu ya nuna shi ma wani ne. Ya gyara murya da Hausarsa ta tsire:

“Alhaji, tsoho naka ɗaya, Ɗan Tani, zuciya nata ya lalace. Mu siyans mun gani. Wata rana za ta faɗi ƙarƙashin buhu, paf!”

Har da tafa hannu, don a ji paf ɗin da kyau. Tir!

Ku ba ku san zaman baƙo a ƙasar mutane ba. Gawa a mangazar ɗan Nijar, ai 'yan sanda ne za su cika wurin, a fara tambayar katin zama, alhali rabin 'yan dakon ba su da shi. Da safe Kawu ya ce kada Baba ya ƙara taɓa masa buhu. Na bi shi har cikin mangaza.

“Kawu, mutumin nan ba likita ba ne. Ni ma ba likita ba ne.”

“Wa ya auna, ni ko kai?”

“Ni ne, amma...”

“To ilimin naku ƙarya ne, ko gaskiya ne? Zaɓi ɗaya.”

Na kai Baba wurin likita na gaske, ya saurari ƙirjinsa, ya ce e, tana tsallake, amma mutane da yawa na tsufa da irinta, ya rage goro da kafe, ya sha magani, ya dawo a sake dubawa. Ya rubuta takarda. Kawu ko karɓa bai yi ba, ya ce ya gaji da takardun 'yan boko. Alhazan da suka ci shinkafar nan kuwa kowa ya kai labari mangazarsa. Daga Guro har Rokisi ba mai ba Baba ko kwandon tumatir ya ɗauka. Kullum yana zaune bakin mangaza yana kallon yara na sauke mota. In na zo wucewa shi ke fara gaishe ni, “Ɗan Hajara, ya karatu?” Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na gama rubutu na kai. Mushe Karim ya bi lambobi da jan biro, ya tsaya a layin farko.

“Wannan nimero ɗaya yana ɓata maka lissafi. Cire shi.”

“Mushe, shi ne ya fara kwanciya. Ba don shi ba...”

“Zuciyarsa ba daidai take ba, yana jan matsakaicin kowa. Kana da talatin ba shi. Cire.”

“In ban cire ba fa?”

Ya rufe biro ya sa a aljihu. “Sai ka nemi mai sa maka hannu.”

Kuna jira in ce na buga tebur ko? Na fita na bar masa takardarsa? Haka ake yi a bakin masu dawowa daga waje, kowa jarumi ne. Ni dai na koma na cire. Aka buga littafi, aka yi masa bango mai kyau, sunan Mushe Karim ya fi nawa girma. Ranar kare shi malamai uku suka tafa mini, ɗaya ya ce aikin ya nuna na san mutanena.

Da zan dawo Kawu ya sa ni a motar albasa da ke komawa ba kaya. Na hau baya, sai ga Baba Ɗan Tani a kusurwa da tabarmarsa da buhun tufafinsa. Gida za shi, tun rani bai ƙare ba. Kwana biyu muna tafiya ina kauce wa idonsa. A rana ta uku, mun tsaya cin abinci, ya ga ina gyara jaka.

“Littafin ke nan? Nuna mini inda nake.”

Na buɗe shafin lambobi. Yanzu Illa ne a layin farko. Na ɗora yatsa a kai na ce, “Ga ka nan, Baba. Kai ne na ɗaya.”

Ya goge hannunsa a riga kafin ya taɓa takardar. Ya daɗe yana kallo.

“Me aka rubuta?”

“An rubuta ka fi kowa ƙarfi.”

“Alhamdu lillahi. Ka ga ni ma na san lafiyata lau. To ɗan Hajara, in ka huta ka rubuta wa kawunka wasiƙa, ka gaya masa abin da littafi ya ce. In Allah ya kai mu baɗi sai in koma bakin aikina.”

Na ce to.

Me zan rubuta? Rani biyu yana aiko mutum daga ƙauye har makarantar da aka fara tura ni koyarwa, a tambaye ni ko Alhaji ya ba da amsa. Ina cewa a gaya masa ana jira. A rani na uku bai aiko ba, ni kuma ban tambaya ba.