Kujerar Kadidia

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Wakilin Mai martaba Sarki, shugaban wannan zama, Allah ya ja zamaninka. Alƙali, Allah ya ƙara maka adalci. Liman da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Wakilin Kumandan da tafintansa, wakilin kamfanin jirgin sama da ke zaune cikin inuwa, madugai abokan tafiyata, maƙera da dukawa, ƴan kasuwa, iyayenmu mata da ke tsaye bayan zana, jama'ar Agadas baki ɗaya, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni bakin magana. Sunana Lukumanu, madugun ayarin gishiri ne ni, gemuna a hanyar Fachi ya yi fari. Ban iya zaƙin baki ba, yau kuwa ko na iya ba zan yi ba, don raina a ɓace yake. Tafinta, ka juya maganata yadda na faɗe ta, kada ka zuba mata zuma.

Duk kun san yayata Kadidia mai saƙar tabarma. Kun san bana ta yi niyyar hajji. Kun san za ta hau jirgin nan da ke sauka bayan gari ya kai ta Kano, inda babban jirgin alhazai ke jira. Ta yanki biyenta, wato tikitin jirgi, tun da wuri. Ta kuma yi abin da kowane mai niyya ke yi a garin nan: ta bi gida gida tana neman gafara, ta ba da awakinta, ta ba da tukwanenta, ta miƙa wa ƴarta Saratu makullin ɗaki. Unguwa guda muka raka ta fili, mata na guɗa, mu muna addu'a. Da idona na ga ta hau, na ga an ɗaura mata ɗamarar kujera.

Sai ga mota daga bariki da baƙi biyu, su ma da biye a hannu. Ashe kamfani ya sayar da kujera a Yamai, ya sake sayar da ita a Agadas! Wuri ɗaya ya rage, mutum biyu suka zo. Ɗan kamfani ya shiga jirgi ya bi fuskoki da kallo. Ya wuce mai kwat, ya wuce mai jin faransanci, ya wuce mai babban rawani, ya tsaya kan tsohuwa da ba ta da namiji a gefenta. Ya ce ta sauka. Ta ce, "Ɗana, ni Makka za ni." Ya kira gardi biyu masu tsaron fili. Suka kama ta a hammata, suka sauko da ita ƙafafunta na jan tsani, butarta ta gangaro ƙasa, kallabinta ya faɗi a gabanmu. Wallahi ko buhun albasa an fi lallaɓa shi wajen saukewa.

Ga abin da ya fi ƙona mini rai. A cikin jirgin akwai Chaibou, mai kawo albasa daga Tabelot, wanda Damagaram kawai za shi kan ciniki. Ya miƙe ya ce, "Ku bar Inna, ni na sauka, kasuwa ba ta gudu." Aka daka masa tsawa ya zauna, wai lokaci ya ƙure. Lokacin jan tsohuwa bai ƙure ba, sai na sauraron mutum!

To, jama'a, ga maganata ta fari ga kamfani. Kujera ɗaya, mutum ɗaya. In ɗayanmu ya sayar da raƙumi ɗaya ga mutum biyu, Alƙali ya san sunan da ake kiransa da shi, kasuwa ma ta sani. Ban ga dalilin da sunan zai sauya don raƙumin yana da fukafukai ba.

Ta biyu, kuma ita ce babba. Mu ma kaya na fin ƙarfinmu. Raƙumi kan mutu mana tsakiyar Tenere, inda babu rijiya babu inuwa. Me muke yi? Kantun gishiri muke jibgewa a rairayi, ba mutum ba. In har dole wani ya sauka ya taka da ƙafa, madugu ba ya nuna kowa da yatsa. Tsayawa yake ya ɗaga murya ya ce, "Wa zai iya?" Ban taɓa yin tambayar nan aka yi shiru ba, ko sau ɗaya. Ku ma ku tambaya. Ku tambaya da Hausa, ku tambaya da Buzanci, ba da harshen da ku kaɗai ke ji ba. Wanda ya yarda ya jira, ku gode masa, ku ba shi masauki da abinci, ku sa shi gaba a jirgi na gaba. Mai rashin lafiya da mai niyyar hajji kuwa ba a ma kallon wajensu.

Ta uku gajeruwa ce. Wanda ya riga ya zauna, ya zauna. Hannun gardi don ɓarawo aka yi shi, ba don uwar wani ba.

Kuna tsammani ta koma gida? Ba ta koma ba. Tana can gindin aduwar bakin fili, kan tabarmar da ta saƙa da hannunta, rana na dukanta, ƙura na rufe ta. Saratu ta yi kuka ta gaji. Ni na je na durƙusa na ce, "Yaya, don Allah ki zo gida ki jira." Ta dube ni ta ce, "Lukumanu, wane gida? Na nemi gafarar kowa, kowa ya yafe mini, an raka ni, an yi mini guɗa. In koma in ce a ba ni tukunyata? Na riga na fita. Abu biyu ne zai ɗauke ni daga nan, ko jirgi ko makara." Na san yayata, ba ta faɗin abin da ba za ta yi ba. Ina jin tsoro, jama'a, na faɗa muku gaskiya.

Jibi jirgi zai dawo, shi ne na ƙarshe da zai riski alhazai a Kano. Na je wurin ɗan kamfani, ya ɗaga kafaɗa ya ce wannan ma ya cika. To, madalla. Masu kujerun jibi suna cikin taron nan, ina ganin fuskokinsu. Bari in yi abin da kamfani ya ga ya fi ƙarfin yi.

Mutanen Agadas, wa zai iya jira?

Na ga hannu. Ɗanjuma baduku, Allah ya yi maka albarka. Ga wani can baya. Ga na uku! Ku bar su a sama, kada ku sauke. Wakilin kamfani, fito daga inuwa ka duba da kyau. Wannan ne abin da ka kira wa gardi biyu. Tambaya ɗaya ce, ko numfashi ban sake ba. Yanzu ba ka da sauran ta cewa. Jibi, da kai za mu je gindin aduwa, kai za ka ɗauki butarta, kai za ka kai ta kujerarta.

Allah ya kai Kadidia ɗakinsa, ya dawo mana da ita lafiya. Allah ya saka wa masu hannuwan nan da alheri. Allah ya tsare matafiyanmu na ƙasa da na sama, ya raba mu da wulaƙanci, ya ba shugabanninmu kunnen saurare. Allah ya tashe mu lafiya.

Na gode.