Diskin Akoli da Muryar Mano

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro Malam Fatahu, jagoran ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikatan ramin haƙar uraniyom, wakilin magajin gari, limamanmu da masu unguwanni, iyayenmu mata, direbobin kamiyo masu dakon kaya, 'yan kabu-kabu da suka ajiye baburansu a rana, jama'ar Arlit gaba ɗaya, ina gaishe ku. Ni ne Almu mai gyaran kuran, wato wutar lantarki, kuma in kun ga bakina ya ƙi rufuwa yau, ku yi haƙuri, murna ce ta yi mini yawa.

Na gode muku da kuka amince na ajiye wannan akwatin ƙarfe a ɗakina. Tun da aka rufe rami mutane suka fara watsewa, muka ce ko gari zai ragu, kada hotunanmu da kaset-kaset ɗinmu su bi iska: hotunan shekarun fari, da muryoyin shekarun tawaye. Kowane gida ya kawo diski guda, daga tsofaffin ordinatar, wato kwamfutoci, da aka yi gwanjonsu.

Magana ta farko, uwa. Cikin akwatin nan akwai allon da ake kira kart-mer, uwar kayan duka. Na buɗe ta, jama'a, na iske nono shida gare ta, ga 'ya'ya goma sha biyu suna jira! Sai da Illi direba ya zo mana da ƙaramin kati daga Agadas, muka soka mata, kowane diski ya samu wayarsa. Da suka tashi gaba ɗaya suna gurnani, sai da na taka rawa, matata tana kallo tana salati.

Magana ta biyu, shaida. 'Yan uwanmu Abzinawa ba sa barin dukiya babu alama. Kowa ya sa wuƙa ya zana shaidar raƙuman gidansu a bayan diskinsa. Mu mutanen Damagaram da Maradi muka ga ba za a bar mu a baya ba, mu ma muka yi zane-zanenmu. Laifin da babu wanda ya hango shi ne, kowa ya ɗauka kayansa na cikin diskinsa. Alhali na'urar yanka komai take yi ta rarraba wa dukansu, yadda in ɗaya ya fita, sauran za su riƙe. Amma ɗaya kawai. In biyu suka fita, an rasa komai.

Magana ta uku, Akoli. Ga shi can yana ja wa fuskarsa rawani, ba zai tsira ba! Ranar Laraba na dawo daga kasuwa na ji akwati yana kuka, gurbi guda babu diski. Matata ta ce Akoli ya zo ya ɗauki nasa, zai tafi wajen haƙar zinariya. Wallahi in wani diski ya lalace a lokacin, shi ke nan an rasa komai. Diskokin nan tsofaffi ne, kuma a cikinsu akwai muryar Mano, mijin Dassin da ke zaune nan tare da mu. Ya aiko mata da kaset daga duwatsu a shekarun tawaye, bai dawo ba. Tana ɓoye da shi duk shekarun nan, tana tsoron sa shi a rediyo kada ya cinye. Sau ɗaya muka kwafe shi, zaren ya tsinke a hannuna. Babu wani wuri a duniya da muryar nan take sai cikin akwatin da ke kuka.

Na haye kabu-kabu, takalmi ɗaya a ƙafa. Na iske Akoli a tasha, ya riga ya hau bisa kaya.

Ya ce, "Almu, shaidata tana kai. Fari ya ci raƙumana, hotonsu ya rage. Ba ni barin shi."

Na ce, "Akoli, raƙumanka ba sa nan! Wuyansu na diskin Zainabu, tozonsu na diskin liman!"

Ya zaro ido ya ce, "Ka yanka mini raƙuma?"

Tasha ta ɗauki dariya. Sai na ce masa, "Mano ma yana cikin wanda ke aljihunka." Ya sauko, kamiyo ya tafi ya bar shi, shi da kansa ya mayar da diskin a gurbinsa.

Allah ya raya garinmu, ya ba mu damina, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah ya ji ƙan waɗanda suka tafi, ya dawo da matafiyanmu, ya kuma tsare mu da ɗaukewar kuran nan da sa'a guda!

Na ji abin da Mano ya faɗa, amma ba zan maimaita ba, don ba ni ya yi wa maganar ba. Surutuna ya ƙare, na gode. Dassin, jawo kujerarki kusa da lasifika. Akoli, kai za ka danna.